Burodin da Aka Yi wa Faci

Shekara talatin da 'yan kai Mai Faci ya yi yana liƙe tayoyi a ƙarƙashin rumfar kwano guda a bakin kwana, kuma a ba shi haƙƙinsa, a wannan fanni babu na biyunsa. Kunnensa kan ji hujin taya tun kafin mai motar ya san da shi. Cutarsa ɗaya ce, bakinsa bai taɓa furta “ban iya” ba. Ka ce agogonka ya tsaya, ya ce kawo. Ka ce haƙorinka na ciwo, ya hau lalube a akwatin filaya. Shi ya raɗa wa kansa Injiniya, 'yan layi kuma suka karɓa don sun ga hakan ya fi gardama da shi sauƙi.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne jikarsa. 'Yarsa ma'aikaciyar jinya ce a wata ƙasa mai nisa, can ta haihu, yarinyar har ta shekara biyar bai taɓa ɗaukarta ba. Duk Lahadi sukan yi kiran bidiyo, shi kuwa sai ya manna fuskarsa a wayar har hancinsa ya cika gilashin, ya riƙa ihu kamar mai tsayar da babbar mota. Yarinya ta ruga bayan kujera, shi ke nan. Amma wai idan ɗaya kakan ya kira, wato uban mijin 'yar, wani tsohon hedimasta mai tabarau da mota, sai ta zauna ta rera masa waƙar makaranta. Wannan abu yana ƙona wa Mai Faci rai ƙwarai, amma ko za a yanka shi ba zai amsa ba.

Wata Lahadi 'yar ta ce, “Baba, Asabar mai zuwa za mu sauka. Amma ina tunanin abin da yarinyar nan za ta ci. Ba ta son komai sai wani burodinsu mai rami a tsaka, begel ake ce masa. Safe shi, rana shi.”

“Mai rami a tsaka? Zagayayye?”

“Eh, kamar 'yar ƙaramar taya.”

Kamar taya! Mai Faci ya gyara zama. “Haba 'yar nan, ai da kin faɗa tun tuni. Wannan burodi tun kafin a haife ki nake yin sa.”

Uwargida da ke gefensa ta ƙware da ruwan da take sha.

Sai ga wani ɗan kai mai kitso biyu ya leƙo daga bayan kujera. Jikar ce. Ta matso har gaban wayar, ta zuba masa ido.

“Da gaske, Kaka?”

Karon farko ke nan da kalmar ta fito daga bakinta zuwa gare shi. Daɗi ya kusa kashe shi. Ya bugi ƙirji har wayar ta kusa faɗuwa. “Da gaske! Kina sauka za ki tarar da shi da zafinsa, na hannun kakanki.”

Ana kashe waya Uwargida ta juyo. “Malam, kai da ko ruwan shayi ka ɗora sai ka ƙone tukunya?”

“Tukunyar ce ba ta da inganci.”

“Ka rufa wa kanka asiri ka je wurin Mai Burodi ya yi maka. Babu mai ji.”

“Ni? In roƙi yaron da na liƙe wa keke yana da majina a hanci? Zan dai je in gwada iliminsa.”

Washegari ya je. A bencin ƙofar gidan burodin ya tarar da Mai Aski da Tela suna shan iska. Ya harɗe hannuwa a baya, ya tambayi Mai Burodi, irin tambayar malami ga ɗalibi, ko ya taɓa jin labarin burodi mai rami.

“Na taɓa yi ma,” in ji Mai Burodi. “Shi sai an tsoma shi a tafasasshen ruwa kafin a gasa. Amma fa tsomawar…”

“Dakata! Tsomawa a ruwa za ka koya min? Ni da nake tsoma tub ɗin taya a ruwa sau hamsin a rana?”

“Injiniya, ina nufin ba a daɗe…”

“Ya isa. Gwada ka nake yi, ka ci rabin maki.”

Mai Aski ya miƙo wuya. “In za ka yi, ka sa albasa. Ni fa ko kankana ka ba ni, in da hali da albasa zan ci.” Wannan ba sai ya faɗa ba, duk wanda ya taɓa zama a kujerarsa ya ji numfashinsa a ƙeya ya sani.

“Riɗi za a sa,” in ji Tela, wanda aljihunsa bai taɓa rabuwa da riɗi ba, yana ɗinki yana watsawa a baki, yana sakace da allura.

“Albasa!”

“Riɗi!”

“Ku kwantar da hankalinku,” Mai Faci ya ɗaga hannu. “Duk zan sa, har da tafarnuwa, ita ce tawa. Asabar da la'asar kowa ya hallara a gaban rumfata. Ku gaya wa duk layin. Za ku ci abin da kakanninku ba su taɓa gani ba.”

Kafin magariba har mai kwasar shara ya ji gayyata.

Asabar da sassafe ya kori Uwargida daga kicin. Ba ta yi musu ba, ta ɗauko kujera ta zauna a bakin ƙofa da tiren shinkafar da take tsinta, ta ce wannan kallo ko a talabijin ba a samun irinsa.

Ya zuba fulawa a babbar roba. A jikin takardar yis an rubuta cokali ɗaya, shi kuwa ya ce masu rubutun ba su san darajar iska ba, ya juye duka. Ya kwaɓa, ya rufe, ya tsaya a kai yana duba agogo. Minti biyar, shiru. Minti bakwai, kwaɓi na nan kwance yadda ya bar shi.

“Ba ya ɗaukar iska,” ya ce. Ya fita, sai ga shi da famfon busa taya.

“Malam!”

“Na wanke bakinsa da sabulu.”

Ya cusa shi a tsakiyar kwaɓin, ya taka, ya danna. Na ɗaya, gefe guda ya ɗago. Na biyu, ya yi tulu. “Kin gani? Kimiyya ke nan.” Na uku, fash! Rabi a gemunsa, rabi a agogon bango, wani ɗan curi ya sauka cikin shinkafar Uwargida. Ta cire shi da yatsa biyu ta ajiye a gefe.

“Kimiyyarka ta faɗo min a tire.”

Yana can bayi yana yaƙi da gemu, yis ɗin da ya zuba ya farka daga barci. Da ya dawo ya tarar kwaɓi ya ture murfi, ya haura bakin roba, ya gangaro ta ƙafar tebur yana neman hanyar fita. Mai Faci ya kama shi da hannu biyu ya mayar, ya sake fitowa ta ɗaya gefen. Sai da ya danne shi da gwiwar hannu yana haki, sannan ya samu ya yanka shi gida ashirin da huɗu. Murzawa da haɗa bakin kam ya yi su da kyau, kowanne zagayayye, raminsa daidai tsakiya, don hannunsa ya san wannan siffa tun yana saurayi.

Ruwa ya tafasa. Ya tsoma guda shida, ya sunkuya yana kallo. Nan take fuskarsa ta canza.

Ɓul. Ɓul-ɓul. Ƙwayoyin iska na tasowa daga jikin burodin ta ko'ina.

“Innalillahi. Yoyo suke yi!”

“Wane irin yoyo kuma?”

“Ba ki ga kumfa ba? Wannan huji uku gare shi. Wancan ya kai biyar. Da na kai wa yarinya haka, ai na ji kunya.”

“Malam, burodi ne fa. Iskar ita ce taushinsa.”

“Ke, shekara talatin ina wannan aiki. Duk abin da ka tsoma a ruwa ya yi kumfa, fasasshe ne. Ban taɓa barin fasasshen abu ya bar hannuna ba, ba kuwa zan fara a kan jikata ba.”

Ya tsamo su ɗaya bayan ɗaya. Duk inda ya ga iska ta fito, ya soka tsinken ashana don shaida, yadda yake yi wa tub. Ya ɗauko magogin karas ya kankare wurin don faci ya kama. Ya yanko ɗan kwaɓi, ya liƙa, ya danne da babban yatsa, ya zare tsinken, ya mayar cikin ruwa. Inda tsinken ya fita sai sabuwar kumfa ta ɓullo. Ya sake tsamowa, ya sake liƙewa. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, tururi ya cika kicin, yana ta ƙunƙuni wai kwaɓin zamani ba shi da ƙwari.

Uwargida ta gama tsintar shinkafa, ta je ta yi wanki, ta shanya, ta dawo. Yana nan.

Sai bayan awa biyu ruwan ya daina kumfa. Abubuwan da suka shiga farare masu ƙiba sun fito toka-toka, sun tsuke, suna sheƙi, kowanne da faci bakwai takwas a jiki. Mai Faci ya matsa ɗaya a kusa da kunne, ya lumshe ido yana saurare. Shiru. Ya yi murmushin gamsuwa.

“Yanzu ko hanyar dutse za su bi.”

Saura kayan ƙamshi. Ya barbaɗa riɗi, riɗi ya zame ya zube. Ya danna albasa, ta yi tsalle ta fice. Ya tsaya yana sosa kai, sai idonsa ya tafi kan gwangwanin gam da ke leƙowa daga aljihunsa. Uwargida ta riga hannunsa isa wurin.

“Wallahi in ka buɗe gwangwanin nan, yau a rumfa za ka kwana.”

“Ɗan kaɗan ne fa.”

“Ko ƙamshinsa.”

Dole ya haƙura ya ɗauko ƙaramar guduma, ya riƙa kafa albasa da tafarnuwa ɗaya-ɗaya kamar mai buga ƙusa a takalmi.

Da azahar ya ɗora tire a ka, ya ratsa layi yana amsa gaisuwa da hannu ɗaya, har gidan burodi. Mai Burodi ya ɗaga ƙyallen da aka rufa, ya daɗe yana kallo.

“Injiniya, minti nawa suka yi a ruwa?”

“Har sai da suka warke.”

“Minti ɗaya fa ake yi. Shi nake son gaya maka rannan.”

“Minti ɗaya aikin 'yan koyo ne. Buɗe murhu.”

Mai Burodi ya ce to minti ashirin ya isa a fitar. Mai Faci ya ce faci in bai sha wuta ba ɓallewa yake yi, ya jawo benci ya tokare ƙofar murhun da bayansa. Awa guda cur. Mai Aski da ke tsallaken titi ya leƙo yana shinshina, ya tambaya ko wani ne ke ƙona tsohuwar taya.

La'asar ta yi, layi ya cika. An kafa tebur a gaban rumfa, an shimfiɗa farin ƙyalle. Mata sun fito da yara, mai kwasar shara ya zo da wankakkiyar riga, har masu babur biyu suka tsaya don sun ga taro. Hedimasta ne ya tafi filin jirgi ɗauko baƙi da motarsa, abin da ya ƙara wa Mai Faci ƙaimi. Ya sa babbar rigarsa, ya juye tire a kan tebur. Ƙarar da ta tashi irin ta zubar da sufanoni ce a kan siminti.

“Bismillah, jama'a. Kafin baƙi su iso, manya su ɗanɗana.”

Mai Aski ya zaɓi wanda ya fi albasa, ya yi bismillah, ya kafa haƙora. Ya ja. Ya sake ja da hannu biyu. Burodin ya fito daga bakinsa lafiya lau, tare da haƙoran robar da babu wanda ya san yana da su a duk layin, jere reras a jikinsa suna yi wa taro murmushi.

Wata mata ta fashe da dariya, layi ya ɗauka.

“Injiniya, ka tona min asiri!” Maganar ta fito a lauye, ya rufe baki da hula.

“Cinsa ne ba ka iya ba. Ba a kai masa hari, lallaɓa shi ake yi.”

Tela ya ce shi da dabara zai bi. Ya zaro babban almakashinsa na yankan yadi, ya sa a gefen burodi, ya matsa har jijiyar wuyansa ta tashi. Ƙusar tsakiyar almakashin ta yi tsalle, ya tsaya riƙe da ɓari ɗaya a kowane hannu.

“Na gado ne fa! Na mahaifina!”

“Shi ya sa. Ya tsufa.”

Wani kare ya zo ya shinshina wanda ya faɗo ƙasa, ya dubi Mai Faci, ya juya ya tafi.

“Ku matsa,” in ji Mai Burodi, “a bar mai sana'a.” Ya ɗora ɗaya a kan tebur, ya ɗaga wuƙarsa mai haƙora, ya sauke da ƙarfi. Wuƙa ta zame, burodi ya tashi sama, ya dira a kan gefensa, ya kama gudu. Kuma a faɗi gaskiya, gudun ya yi kyau, ko kaɗan bai karkace ba. Ya wuce ƙafafun mutane, ya gangara tsakiyar titi, yara suka bi shi da ihu, daidai lokacin da motar Hedimasta ta shawo kwana tana ƙyalli.

Tayar gaba ta hau shi. Aka ji ƙas, burodin ya tsage biyu, bakinsa kamar fasasshiyar kwalba. Sai kuma wani dogon sauti da babu wanda ya kai Mai Faci saninsa: fussss. Motar ta durƙusa gefe guda a gaban jama'a.

Hedimasta ya fito yana gyara tabarau. Ya sunkuya, ya zaro abin daga jikin taya, ya juya shi.

“Wane marar tarbiyya ne ya yar da ƙarfe a titi? Kuma me ya kawo tafarnuwa jikinsa?”

Masu babur suka kwanta a kan baburansu don dariya. Mai kwasar shara ya ce shi dai kada a zuba masa su a amalanke. Ana cikin haka ƙofar bayan motar ta buɗe, 'yarsa ta fito, a bayanta kuma ga mai kitso biyu, ƙarama fiye da yadda take a waya, tana riƙe da gefen zanen uwarta.

Ba ta kalli taro ba. Teburin ta nufa. Ta yi ɗage ta ɗauki ɗaya da hannu biyu, ta ƙwanƙwasa shi a ƙafar tebur, ta saurari ƙarar. Sannan ta ɗaga kai.

“Kai ne Kaka?”

“Ni ne.” Muryar ta fito ƙarama, ba irin ta waya ba.

“Wannan ba begel ba ne.”

Uzurori suka yi layi a bakinsa. Fulawar ce ta jabu. Murhun Mai Burodi ne ya fi ƙarfi. Uwargida ce ta hana a sa gam. Kowanne a shirye yake, kuma duk layin yana jiran ya ji wanne zai fara fitowa. Amma yarinyar na kallonsa, kallon mai jiran gaskiya, sai ya ji kunya ta rufe shi tun daga hula har takalmi. Ya tattare babbar riga ya durƙusa a gabanta.

“Ba shi ba ne. Ban iya ba, 'yar nan. Ban ma taɓa ganinsa ba. Ƙarya na yi miki don ki so ni.”

Uwargida ta dafe ƙirji. Mai Aski ya manta ya sauke hula daga baki. Tela ya raɗa wa Mai Burodi, “Ka ji abin da na ji?” Mai Burodi ya ce shi ma yana tsammanin zafin murhu ne ya taɓa masa kunne.

Yarinyar ta yi ɗan tunani. Ta matso kusa da kunnensa, ta yi raɗa irin ta yara, wadda har na ƙarshen layi ke ji.

“Ni ma in na yi ƙarya Mama tana hana ni wasa. Amma ba zan gaya mata ba.”

Mama na tsaye taku biyu daga wurin, ta juya baya tana goge ido, ba a san ko na dariya ba ne ko na kuka.

“Yunwa nake ji,” in ji yarinyar. Ta ajiye burodin, ta kama babban yatsansa, baƙi ƙirin da shekarun gam da ƙurar taya, ta ja. “Kakata ta iya soya ƙwai?”

“Ta iya,” ya ce. “Ita kam ta iya komai.”

Suka nufi ƙofar gida, yana tafe a sunkuye don kada yatsan ya kuɓuce mata. Hedimasta ya ɗaga murya daga inda yake tsaye kusa da motarsa.

“Injiniya! To tayata fa?”

Mai Faci bai ko waiwayo ba.

“Sai ka jira, Hedimasta. Hannun da nake faci da shi an riƙe.”